Takardar da Aka Zare

Shafi na 23

Masu cewa na fiye wahalar da Jinƙai, ku yi haƙuri, yau ma ba sauƙi. Ga waɗanda suka shigo yanzu: Jinƙai Iliya injiniyar gini ce a Damagaram. Komisiyon da ke ba 'yan kwangila izinin aiki ya roƙe ta ta binciki wani ajin lakwal, wato makaranta, da ya rufta a wani ƙauye na ƙasar Hamdara. Ta rubuta abin da ta gani, aka dakatar da izinin Alhaji Kyari da ya yi ginin. Shi kuma ya kai ta kotu.

*

Da ta isa ofishin komisiyon, ba ta jira sakatariya ta yi mata iso ba. Tura ƙofar buron kawai ta yi ta shiga, matar na biye da ita tana cewa, "Madam, yana waya! Madam!"

Darekta Hassan, shugaban komisiyon, wanda ake kira Mushe Hassan irin na Faransanci, yana wayar kuwa. Ya ɗago ya gan ta, ya ce wa na cikin wayar zai sake kira. Ya yi wa sakatariya alama da hannu ta fita.

"Madam Jinƙai. Ina kwana? Yaya Mama da jiki?"

"Da sauƙi."

Ta ajiye takarda a kan teburinsa, ta tura ta gabansa da yatsa ɗaya.

"Sammaci ne. Jiya aka kawo min har wurin aiki, a gaban ma'aikatana. Kyari ya ce na ɓata masa suna. Ran Litinin, ƙarfe tara."

Bai taɓa takardar ba.

"Na ji labari."

"Ka ji labari. Sau bakwai na kira ka jiya."

"Ina taro."

"Ranar da kuke nema na, sau ɗaya ka kira na ɗauka."

"Zauna mana, ƙanwata."

Ta so ta ƙi, sai ta fasa. Ta zauna a bakin kujera, jakarta a kan cinya.

"Mushe Hassan, a kan kujerar nan nake wata uku da suka wuce. Na ce maka ina tsoro, Kyari ba ƙaramin mutum ba ne a garin nan. Ka ɗauko doka ka buɗe, kana bin layin da biro kana karanta min. Ka ce duk masanin da ya taimaki komisiyo da gaskiya, ba mai ikon kai shi ƙara a kan abin da ya rubuta. Ka ce in kwantar da hankalina, hukuma na bayana. Haka aka yi ko ba haka ba?"

"Haka aka yi."

"To rubuta min takarda in kai wa alƙali. Layi uku ma ya isa. Ka ce ku kuka sa ni."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya daɗe yana gogewa.

"Ba zan iya ba."

"Ba za ka iya ba, ko ba za ka yi ba?"

"Dokar tana da sharaɗi. Kin tuna takardar da kika sa wa hannu kafin mu ba ki dosiye, takardun aikin nan duka? Kin rantse ba ki da dangantaka da kowa a cikin aikin."

"Ni me na haɗa da Kyari? Ko a hanya ba mu taɓa gaisawa ba."

"Ba Kyari kaɗai ba. Duk wanda hannunsa ke cikin aikin. In aka samu dangantaka, kariyar ta faɗi. Lauyan Kyari ya san da haka."

"Wace dangantaka?"

Ya jawo aljihun tebur na ƙasa. Ba nema ya yi ba, takardar tana sama, kamar tun safe take jiran ta. Ya miƙa mata.

Takardar karɓar aiki ce. Ita ce kontirola ke sa wa hannu bayan ya je ya duba gini, ya shaida cewa an yi shi yadda tsari ya ce. Sau uku Jinƙai ta nemi wannan takarda lokacin bincike. Na farko aka ce mai makullin ɗakin ajiya ya tafi jana'iza. Na biyu aka ce ana nema. Na uku aka ce gara ta cinye.

Ga ta nan, ko kunnenta bai lanƙwashe ba.

Idonta ya sauka ƙasa, wurin sa hannu. Ba ta ma buƙaci karanta sunan da ke ƙarƙashin hatimi ba. Ta san wannan Y mai doguwar wutsiya. Shi ne a kan duk takardun sakamakonta na lakwal tun daga shekarar da babansu ya rasu.

Yakuba Iliya. Yayanta, uwa ɗaya uba ɗaya.

Ta ji fankar sama tana ƙara, ta ji wani yana jan kujera a ɗakin da ke kusa.

"Ƙarya ne," ta ce, amma muryar ba ta fita da ƙarfi ba.

"Kin san hannunsa fiye da ni."

"A lokacin yana sashen hanyoyi."

"An aro shi wata huɗu. Kontirolanmu ya tafi karatu."

Abin da ta rubuta a shafi na tara na rahotonta ya faɗo mata, kalma bayan kalma. Ta ce duk wanda ya karɓi wannan aiki, ko dai bai taka wurin ba, ko ya je ya rufe ido, kuma ya cancanci hukunci daidai da ɗan kwangilar. Har ta ja layi a ƙarƙashi. Ta tuna yadda ta ji daɗin jimlar a ranar.

"Kai ka zare ta daga dosiye."

"Ban ce ni ba ne."

"A aljihun teburinka take."

Ya kau da kai.

"Kun ba ni dosiye da rami a ciki, kun sa na rantse a kan abin da kuka ɓoye min. Yanzu kuma kun miƙa wa lauyan Kyari."

"Ni ban ba kowa komai ba. Kyari yana da kwafinsa tun shekara huɗu. Saurare ni, Jinƙai. Ni abokin yayanki ne, aji ɗaya muka yi. Ba na so in ga an wulaƙanta gidanku. Akwai mafita."

"Ina ji."

"Komisiyo zai zauna ran Alhamis. Ki rubuto mana wasiƙa, ki ce kin sake dubawa, kin gano samfurin kankaren da kika gwada ya cakuɗe da na wani wuri. Kuskuren aiki, kowa na yi. Mu soke rahoton, a mayar wa Kyari izininsa, shi kuma ya janye ƙara. Takardar nan ta koma inda take. Ba wanda zai ji sunan Yakuba."

Ta yi wata 'yar dariya da ba ta san daga ina ta fito ba.

"Samfuri ya cakuɗe. Mushe Hassan, da hannuna na ɓallo kankaren nan. Ba guduma, ba komai. Na murza shi ya zube kamar ƙuli-ƙuli. Inda tsari ya ce ƙarfe mai lamba sha huɗu, mai lamba takwas suka sa, shi ma rabi. Da me zai cakuɗe?"

"Na karanta rahoton."

"Ka je ka ga Malama Kaltuma a asibiti? Ni na je. An yanke ƙafar daga gwiwa. Ta riƙe hannuna tana gode wa Allah, wai da ba ta saki yara shan iska da wuri ba, da su sittin da uku ne a ƙarƙashin rufin nan, ba ita kaɗai ba. Ita zan je in ce wa samfuri ya cakuɗe?"

"In kika ƙi, ga abin da zai faru." Muryarsa ta sauya, ta koma ta buro. "Ran Litinin lauya zai ajiye takardar nan gaban alƙali. Zai ce kin san da hannun yayanki, kika ɗora wa Kyari laifin duka don ki fidda shi. Kin yi rantsuwar ƙarya. Za a soke rahoton duk da haka. Za a karɓe miki izinin aiki, wataƙila ma ki kwana a gidan kaso. Yakuba kuma a kama shi. Kyari ya koma aikinsa. Kin ga ko ta ina, Kyari zai koma aikinsa."

"Ku kuma?"

"Mu za mu ce ba mu sani ba."

Ta dube shi sosai. Mutumin da ya zo bikinta, ya zo jana'izar mijinta, yana zaune yana gyara biro uku a jere a kan tebur.

"Injiniyoyi nawa ne a garin nan? Me ya sa ni? Wa ya ba ku sunana?"

Ya miƙa hannu ya karɓi takardar daga hannunta, ya mayar cikin aljihun tebur, ya murza makulli.

"Wannan ki tambayi yayanki."

*

Ba ta san yadda ta tuƙo motar daga can zuwa Sabon Gari ba. Ta dai tuna wani ɗan kabu-kabu ya zage ta a kwanar kasuwa, ba ta ko juya ba. Zafi ya yi nauyi, irin na damina kafin hadari, iska ta tsaya cak.

Mahaifiyarta, Mama Asabe, na zaune a tsakar gida tana tsinke zogale a faranti, ƙafarta mai ciwo a miƙe kan tabarma.

"A'a, Jinƙai da rana tsaka? Lafiya?"

"Ina wuni, Mama. Yaya na nan?"

"Yana ɗaki, yana shirin karatun Lahadi. Ke, fuskarki fa?"

Ba ta amsa ba. Ta ɗaga labule ta shiga.

Yakuba na zaune a bakin gado, Littafi Mai Tsarki a buɗe kan gwiwarsa, ga ɗan littafin rubutu a gefe. Bara ya yi ritaya, tun daga nan majami'a ta zama aikinsa, shi ne babba a cikin dattawa. Ya ɗago ya ga idonta. Bai tambaye ta komai ba. Ya rufe littafin a hankali ya ajiye kan matashi.

"Daga wurin Hassan kike."

"Daga can nake."

"Ya nuna miki."

"Ka je wurin, Yaya? Kafin ka sa hannu, ka je ka ga ginin?"

"Ban je ba."

Ta yi zaton zai yi musu. Ta shirya wa musu tun a mota. Da ya amsa haka kai tsaye sai ta rasa inda za ta dafa, ta jingina da bango.

"Me ya ba ka? Kyari, me ya ba ka?"

"Bai ba ni komai ba. Na rantse miki, ko ruwa ban sha a hannunsa ba."

"To don me?"

"Motar buro ta lalace sati uku. Na rubuta neman a gyara, na sake rubutawa. Shekara na ƙarewa, ana so a rufe dosiyoyi. Hassan ya shigo da su ranar wata Juma'a, ya ce Kyari tsohon hannu ne, bai taɓa ba mu kunya ba, in sa hannu kawai, in mota ta gyaru sai in zaga in gani." Ya sunkuyar da kai. "Mota ta gyaru. Aka mayar da ni sashen hanyoyi. Ban zaga ba."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ƙafar mace guda, saboda mota ta lalace."

"Tun ranar da ginin nan ya faɗi ban ƙara karɓar jibin Ubangiji a majami'a ba. Kin lura ai. Kin tambaye ni, na ce azumi nake."

"Ba wannan na zo ji ba. Wa ya ba su sunana?"

Ya ɗago ya dube ta.

"Ni ne."

Labule ya motsa. Mama Asabe ce ta dogaro sanda ta tsaya a bakin ƙofa, ganyen zogale manne a zanenta. Ba wanda ya ce mata ta koma.

"Hassan ya zo nan bayan abin ya faru," in ji Yakuba. "Ya ce dole a yi bincike, mutane sun yi surutu har a rediyo. Ya ce ana son masani na gida, wanda za a iya yi wa magana. Na ce ga ƙanwata. Ya ji daɗi. Ya ɗauka zan zo in gaya miki, ke kuma ki sassauta."

"Amma ba ka gaya min ba."

"Da gangan. Na san ki, Jinƙai. Na san in ba ki ga sunana ba, ba abin da zai hana ki rubuta gaskiya. Ina so a rubuta. Ina so a tsayar da Kyari. In wani suka ɗauko, da tuni an binne maganar."

"Kana so a faɗi gaskiya."

"Ina so."

"To bakinka fa? Me ya same shi? Kai da kake tsayawa gaban jama'a duk Lahadi, me ya hana ka tashi ka je ka ce ni ne, na sa hannu ban duba ba?"

"Tsoro."

"Tsoro. Ni ba ni da shi ke nan? Sau biyu aka fasa min gilashin mota. Mutanen da nake yi wa gwajin kankare shekara goma sun daina kawo min aiki. Ina zuwa nan in zauna a kan tabarmar can in ba ka labari, kana ce min in dage, Ubangiji na tare da mai gaskiya. Ka ɗora min hannu a ka ka yi addu'a, Yaya!"

Ya rufe fuska da tafukansa.

"Tambaya ɗaya ta rage," ta ce. Muryarta ta yi sanyi. "Kai ma'aikaci ne shekara talatin, ka san dokar nan fiye da ni. Ranar da ka ba da sunana, ka san in aka ga hannunka kariyar za ta faɗi? Ka san zan tsaya gaban alƙali ni kaɗai?"

Bai sauke hannu daga fuskarsa ba.

"Yaya."

"Na sani."

Ba ta yi kuka ba. Ta so ta yi, abin ya ƙi zuwa.

"Me suka ce a yi?" Mama Asabe ta tambaya daga ƙofa.

Jinƙai ta faɗa mata a taƙaice. Wasiƙa, Alhamis, kuskuren aiki.

"To ki rubuta."

"Mama?"

"Ki rubuta, na ce. Ko an ɗaure min ɗa, ƙafar malamar nan ba za ta tsiro ba. Allah ya ba ta haƙuri, za mu je mu gaishe ta. Amma wannan da kike gani, yana da shekara sha tara ya bar karatu ya kama aiki don ke ki yi naki. Takardar da kike taƙama da ita, guminsa ce."

"Na sani, Mama."

"Ba ki sani ba. Da kin sani da ba ki tsaya kansa kina masa tambaya kamar jandarma ba. A ɗaure dattijon majami'a? Ina zan sa fuskata? Ku biyu kuka rage min."

"In na rubuta, gobe Kyari zai sake gina wani ajin."

"Wannan tsakaninsa da Allah."

"Yaran wasu ne za su zauna a ciki."

"Ni nawa nake ji!"

Tsohuwar ta buga sanda a ƙasa. A waje iska ta taso farat ɗaya, ta kifar da farantin zogale, ƙofar gida ta bugu da bango. Hasken ɗakin ya ragu.

Jinƙai ta juya za ta fita, sai wata kalma ta dawo mata. Ta tsaya da labule a hannu.

"Yaya, ka ce Hassan ya shigo da su. Dosiyoyi ka ce, ba dosiye ba."

Bai ɗago ba.

"Nawa ka sa wa hannu ranar Juma'ar nan?"

"Biyar."

"Duka na Kyari?"

"Duka."

"Duka ba ka je ba?"

Ya gyaɗa kai.

"Faɗa min su."

"Ajin da ya faɗi. Rumbun tsimi biyu a wajen Tirmini, ba kowa ke shiga ba sai lokacin rabo. Katangar wata makaranta."

"Huɗu ke nan."

Ya dubi mahaifiyarsu, ya dubi ƙasa.

"Na biyar fa?"

"Na yi ta neman hanyar da zan gaya miki. Da aka tura ta can wata biyu da suka wuce, na je wurin shugabansu na roƙa a sauya mata wuri, ya ce sai shekara ta zagayo. Na ce a raina in aka tsayar da Kyari za a bi duk gine-ginensa a duba, kafin ruwa ya yi ƙarfi..."

"Aka tura wa?"

"Ɗakin haihuwa ne. A ƙauyen nan na bayan tafkin Gidimuni."

Sandar Mama Asabe ta faɗi ƙasa.

Rahama, 'yar Jinƙai guda ɗaya tilo, wadda ta gama karatun ungozoma bana, can aka ba ta aikinta na farko. A ɗakin take wuni, a ɗakin take kwana in akwai mai naƙuda.

Jinƙai ta zazzage jakarta a kan gado, makullai da takardu suka watse. Ta ɗauki waya. Ta ƙofa tana hango gabas, ta wajen Gidimuni, sama ta yi baƙi ƙirin har ƙasa.

Ta kira. Ba ta shiga ba.

Ta sake kira. Ta shiga, tana ta ƙara, har ta kusa yankewa.

Aka ɗauka. Ƙarar ruwa kamar ana zuba tsakuwa a kan kwano, da muryoyin mata suna ihu daga nesa.

"Rahama! Rahama, ki fita daga ɗakin nan yanzu, ki fitar da kowa! Kina ji na?"

Muryar da ta amsa ta namiji ce, yana haki.

"Wace ce? Ke ce uwar ungozoma?"